Sa'a Ɗaya a Kan Motar Yaƙi Mai Cin Wuta, Shekara 26 Ba Barci: Nazarin Lamarin Wani Matashin Soja

Wannan nazari ya bi lamarin mutum ɗaya, wani sojan ƙasa na Amurka da ya shiga Yaƙin Duniya na Biyu yana ɗan shekara 17, aka rataya masa lambar jarumta mafi girma ta ƙasarsa kafin ya cika 20, sannan ya yi shekara 26 yana fama da rashin barci, mugayen mafarkai da zabura. Kamar yadda aka saba a irin wannan rubutu, an sakaya sunansa. Za a riƙa ce masa Laftana, muƙamin da ya baro fagen daga da shi.

1925 zuwa 1942: Gidan da ya fito

An haife shi ranar 20 ga Yuni, 1925, a karkarar arewa maso gabashin jihar Texas, shi ne na bakwai cikin 'ya'ya 12. Iyayensa manoman auduga ne da ba su da gonar kansu, sai su noma ta wani, in kaka ta yi a raba amfani da mai gona. Uban yakan tafi ya dawo, har wata rana ya tafi bai dawo ba. Yaron ya bar makaranta a aji biyar na firamare ya shiga cirar auduga, dala ɗaya a wuni. Yakan ɗauki bindiga ya fita farautar zomo, domin abin da ya harbo shi ne naman miyar gidan, a nan kuma ya koyi saiti. Mahaifiyarsa ta rasu a 1941, aka kai ƙannensa uku gidan marayu.

Da Amurka ta shiga yaƙi a Disambar 1941 ya nemi shiga soja, aka mayar da shi saboda ƙarancin shekaru da rashin nauyi. Yayarsa ta taimaka aka sauya shekarar haihuwarsa a takarda zuwa 1924, aka ɗauke shi ranar 30 ga Yuni, 1942. Tsayinsa a ranar santimita 166 ne, nauyinsa kimanin kilo 51. A sansanin horo ya taɓa suma a filin fareti, kwamandansa ya so mayar da shi sashen girki, ya ƙi.

1943 zuwa 1944: Wata 18 a bakin daga

Ya sauka Kasabalanka a Fabrairun 1943, aka sa shi a Runduna ta 3 ta sojan ƙasa. Yaƙinsa na farko shi ne mamayar tsibirin Sisili da aka fara ranar 10 ga Yuli, 1943. Daga can sai Italiya: tsallaka kogin Volturno, sannan gaɓar Anzio a farkon 1944. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi fiye da sau ɗaya, duk lokacin da ya ji sauƙi kuma a mayar da shi kamfaninsa, wato ƙaramin rukunin sojojin da yake ciki.

Ranar 15 ga Agusta, 1944, rundunarsa ta sauka kudancin Faransa kusa da Ramatuelle. A wata gonar inabi, wasu sojojin Jamus suka nuna alamar miƙa wuya, babban amininsa ya miƙe don karɓarsu, suka harbe shi nan take. Laftana, wanda a lokacin saje ne, ya kutsa shi kaɗai ya murƙushe wurin. Wannan ya sa aka ba shi lamba ta biyu a daraja a rundunar sojan ƙasa. Ba a ba shi hutu saboda mutuwar aminin ba, tsarin lokacin ma bai tanadi haka ba.

Abin da ya biyo baya ya zo a jere. Ranar 15 ga Satumba ɓarɓashin bam ya same shi a diddige. Ranakun 2 da 5 ga Oktoba ya sami lambobin jarumta biyu, kwana uku tsakani. Ranar 14 ga Oktoba aka ɗaga shi zuwa hafsa a fagen daga. Ranar 26 ga Oktoba wani maharbin ɓoye ya same shi a ƙugu, aka yi jinkirin kai shi babban asibiti, raunin ya ruɓe, sai da likitoci suka yanke wani ɓangare na tsokar wurin. Ya koma bakin aiki a tsakiyar Janairun 1945.

Akwai ma'aunin da ya kamata a ajiye a gefen waɗannan ranaku. Likitocin ƙwaƙwalwa na sojan Amurka da suka yi nazarin yaƙin Italiya sun buga sakamakonsu a 1946, cewa sojan ƙasa, komai jarumtarsa, ƙarfin zuciyarsa yakan ƙare bayan kwana 200 zuwa 240 na faɗa idan aka tara su. Amma yadda manya suke kallon abin a lokacin daban ne. A Agustan 1943, a wannan tsibiri na Sisili, Janar Patton, wani babban kwamandan sojan Amurka, ya mari sojoji biyu da ya tarar a asibitin tanti ba su da rauni a jiki, ya kira su matsorata. Duk ƙaramin soja ya fahimci saƙon.

26 ga Janairu, 1945: Holtzwihr

A ranar aka ba shi jagorancin kamfanin, wanda rauni da ciwo da mutuwa suka rage shi zuwa 'yan tsiraru. Wurin bakin wani daji ne kusa da ƙauyen Holtzwihr a yankin Colmar, gabashin Faransa, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Shi kansa ɓarɓashin bam ya same shi a ƙafafu kwana ɗaya ko biyu kafin nan.

Takardar da aka rubuta don ba shi lambar jarumta mafi girma ta zayyana abin da ya faru. Tankokin Jamus shida da jerin sojan ƙasa suka tunkaro su. Ya umarci mutanensa su ja baya cikin daji, shi ya tsaya da wayar tarho yana ba 'yan igwa saiti. An harbi wata motar sulke mai farautar tanka da ke bayansa, ta kama da wuta, mutanen cikinta suka fice. Ya hau kanta, alhali tana iya fashewa kowane lokaci, ya kama babbar mashingar da ke samanta. Ya yi kimanin sa'a ɗaya yana harbi, ana harbinsa ta fuska uku, wasu maharan sun matso har kusan mita tara. An same shi a ƙafa, bai sauka ba sai da harsashi ya ƙare. Da tankokin suka ga sojan ƙasan da ke kare su sun zube, suka juya. Ya koma wajen mutanensa, ya ƙi tsayawa a ɗaure masa rauni, ya jagorance su suka kori abokan gaba. An ƙiyasta waɗanda ya kashe ko ya raunata da mashingar da mutum 50.

A Fabrairu aka ƙara masa girma, aka janye shi daga bakin daga. Ranar 2 ga Yuni, 1945, kusa da Salzburg a Ostiriya, aka rataya masa lambar, saura kwana 18 ya cika shekara 20.

1945 zuwa 1947: Alamun farko

Ya dawo Texas a Yunin 1945, aka yi ta fareti da liyafa da jawabai. A Yuli wata babbar mujalla ta buga hotonsa a bangonta, fuskar yaro ƙarami cikin kaki. Ya so shiga makarantar horar da hafsoshi ya zauna a soja, raunin ƙugu da ƙarancin karatu suka hana. A Satumba aka sallame shi da shaidar nakasa ta kashi 50 cikin 100. Da kuɗin da ya samu ya saya wa yayarsa gida, ya ɗauko ƙannensa daga gidan marayu. Wani fitaccen ɗan fim da ya ga hoton mujallar ya gayyace shi Hollywood, amma shekarun farko ba aiki, har ya yi wani lokaci yana kwana a ɗakin motsa jiki na wani abokinsa.

A gwajin lafiyar da aka yi masa a 1947 ya faɗi abin da ke damunsa: ciwon kai, amai, da mugayen mafarkan yaƙi. Bayanan asibitinsa sun nuna yana shan ƙwayar barci don kauce wa mafarkan. Yana kwana da ƙaramar bindiga cike da harsashi a ƙarƙashin filo.

A lokacin ana kiran wannan hali gajiyar yaƙi, kuma ana ɗaukarsa abu ne na ɗan lokaci. Maganin da aka sani na bakin daga ne: a janye soja 'yan kwanaki, a ba shi abinci mai zafi da barci, a mayar da shi. Wanda abin ya tsananta a kansa a kai shi asibiti a yi masa allurar da ke sa magagi, a sa shi ya faɗi abin da ya gani. Wanda ya dawo gida da ƙafarsa yana aiki yana murmushi a hoto, babu wani tsarin bibiyarsa.

1948 zuwa 1960: Aiki, aure, da ba da labari

Abu na farko da aka dogara da shi shi ne aiki. Ya fara fitowa a fim a 1948, daga 1950 ya sami kwantaragi mai tsoka, ya yi finafinai sama da 40 a rayuwarsa. Kuɗi sun shigo, ya sayi gonakin kiwo da dawakan tsere. Barcin bai dawo ba.

Ya yi aure a Janairun 1949, auren ya mutu a 1951. Matar ta bayyana daga baya cewa ya taɓa ɗora mata bindiga, kuma ta taɓa ganinsa yana kuka da jin laifi lokacin da aka nuno marayun yaƙi na Jamus a labaran majigi. Ya sake aure a 1951, ya sami 'ya'ya maza biyu, wannan auren ya ɗore har rasuwarsa. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950 ya shiga dakarun ko-ta-kwana na jihar Texas, amma ba a tura su ba.

Sai ba da labari. A 1949 ya fitar da littafin tarihin yaƙinsa da taimakon wani abokinsa marubuci. A 1955 aka mayar da littafin fim, shi ya fito a matsayin kansa, har da wurin da aka kashe amininsa. Fim ɗin ya kawo wa kamfanin da ya shirya shi kuɗin da bai taɓa samu ba a wani fim kafin nan. Ya kuma rubuta waƙoƙi da suka taɓo yaƙin. Mafarkan da saurin fushi sun ci gaba, caca kuma, musamman ta tseren dawaki, ta fara cin dukiyarsa.

Tsakiyar shekarun 1960: Ƙwayar barci da mako ɗaya a ɗakin otal

Ƙwayar da ta kama shi ita ce Placidyl, wadda likita ya rubuta masa. Ta fito kasuwa a shekarun 1950, ana yawan ba da miligiram 500 lokacin kwanciya, kuma ƙa'idarta kada a wuce mako ɗaya ana sha. Dalilin ƙa'idar shi ne yadda take aiki. Tana danne ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, kamar yadda barasa take yi. In aka jima ana sha, ƙwaƙwalwa takan ƙara ƙarfin farkawarta don ta yi daidai da dannewar, sai ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu. Daren da ba a sha ba kuma, wannan ƙarin farkawa ba abin da ke riƙe shi, rashin barci da mafarkai su dawo fiye da yadda suke tun farko. Mai ciwon sai ya ɗauka ciwonsa ne ya ƙaru, ya ƙara ƙwaya. An daina sayar da ita a Amurka a 1999.

Da Laftana ya gane ba ya iya kwana sai da ita, ya kama ɗaki a otal, ya kulle kansa shi kaɗai har mako ɗaya, ya yanke ta lokaci guda. Ya fito ya rabu da ita.

Bayan nan ya fara magana a fili a kan halin da yake ciki, abin da manyan jarumai ba su saba yi ba. Ya yi kira ga gwamnati ta ƙara nazarin illar yaƙi a kan zuciyar soja, ta kuma faɗaɗa kulawar lafiya ga 'yan mazan jiya na Koriya da waɗanda ke dawowa daga Biyetnam.

1968 zuwa 1971: Ƙarshe

A 1968 ya bayyana cewa ya yi asarar dala 260,000 a wata harkar mai a Aljeriya, ga hukumar haraji tana binsa bashi. Duk da haka ya ƙi karɓar tallar barasa da taba, saboda yara suna kallonsa. A 1970 aka kama shi bisa zargin kai wa wani mutum hari a wata rigima, kotu ta wanke shi. Ranar 28 ga Mayu, 1971, ƙaramin jirgin saman da yake ciki a tafiyar kasuwanci ya faɗa kan wani dutse a jihar Virginia cikin ruwa da hazo, duk mutum shida da ke ciki suka mutu. Shekararsa 45. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.

A 1973 aka sa wa wani asibitin 'yan mazan jiya a San Antonio sunansa. A 1979 aka fara buɗe cibiyoyin ba 'yan mazan jiya shawara a cikin unguwanni. A 1980, shekara tara bayan rasuwarsa, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da ciwon cikin kundinsu da sunan da ake taƙaitawa PTSD, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali.

Abin da nazarin ya nuna

Ba a yi masa wannan ganewa yana raye ba, amma alamunsa sun cika sharuɗɗan da ake bi a yau: abin da ya faru yana dawowa a mafarki, jin laifi, zama cikin shirin ko-ta-kwana, rashin barci da saurin fushi, kuma duk sun wuce wata ɗaya nesa ba kusa ba. Abubuwan da aka sani suna ƙara haɗarin ciwon ya tara su tun kafin Holtzwihr: talauci da maraici, ƙarancin shekaru da karatu, doguwar zama a bakin daga, raunuka uku, da ganin mutuwar amini a gabansa. Ranar da ta kawo masa lambar ɗaya ce cikin ɗaruruwa, ba ita kaɗai ta jawo ciwon ba.

Babban kuskure ya faru a 1947. Yaro ɗan shekara 21 ya faɗa wa likita da bakinsa yana mafarkin yaƙi yana amai, abin da bayanan asibitinsa suka nuna yana sha kuma ƙwayar barci ce. Ba za a ɗora wa likitan laifin rashin abin da ba a ƙirƙiro ba tukuna, amma lambar da ke ƙirjinsa ta taimaka wajen rufe ido. Mutane sun ɗauka wanda ya tsaya sa'a ɗaya a kan mota mai cin wuta ba ya jin tsoro, shi ma kunyar faɗa ta fi yi masa nauyi fiye da sojan da ba a san shi ba.

Aiki da kuɗi sun ba shi abin yi da abin riƙe iyali, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sun kasa taɓa ciwon ne domin shagala tana kawar da hankali da rana, dare kuma yana nan. Ba da labarin ma bai warkar ba, kuma a nan ake yawan ruɗewa, tunda maganin da ya fi inganci a yau shi ma komawa ne kan labarin. Bambancin yana cikin tsari. A asibiti ana zama da ƙwararre sau 8 zuwa 15, kusan minti 90 kowane zama, mai ciwon ya maimaita wurin da ya fi ƙona masa rai dalla-dalla, ana auna tsoronsa, ba a tashi sai ya fara sauka. A wata hanyar mai zama 12 ana bin tunanin da ya maƙale ne, irin su "da na hana shi miƙewa da yana raye", a warware shi. Littafi da fim an tsara su ne don mai karatu da mai kallo, an tace su, an ba su ƙarshe na nasara. Wurin da ya fi buƙatar a tsaya a kansa shi ne wanda aka fi saurin wucewa.

Makon otal ya yi aiki, domin ya cire abin da ke ƙara wa rashin barcin wuta. Amma hanyar da ya bi tana iya kisa, kuma kada kowa ya kwaikwaya. Yanke irin wannan ƙwaya lokaci guda bayan an daɗe ana sha yana kawo karkarwa, gumi, ruɗewa da gane-gane, da jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma mutum shi kaɗai a kulle ba mai juya shi in ya faɗi. Yadda ake yi shi ne likita ya tantance adadin da ake sha a rana, ya mayar da mutum kan magani mai daɗewa a jiki, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni ana duba bugun zuciya da hawan jini, wanda ya taɓa jijjiga kuma a kwantar da shi. Wannan ya shafi mai karatu a ƙasarmu kai tsaye: diazepam da ake saya a kemis tana da irin wannan tarko, kuma ƙa'idojin magani na yau sun hana ba da ita da danginta don wannan ciwo. Sojan da ya dawo daga arewa maso gabas ba ya barci, in magani ake buƙata, irin su sertraline ake fara dubawa, tare da horon gyaran barci na zama 6 zuwa 8.

Maganar da ya yi a fili ita ce abin da ya fi amfani, kodayake wasu ta fi amfana. Ba ita kaɗai ta kawo sauyin 1979 da 1980 ba, wannan gwagwarmayar 'yan mazan jiyan Biyetnam da likitocinsu ce. Abin da ta yi shi ne karya hujjar masu cewa matsorata ne kawai ke wannan ciwo, domin ba wanda zai iya kiransa matsoraci.

Abu biyu ba a taɓa su ba daga farko har ƙarshe. Na ɗaya bindigar ƙarƙashin filo. A yau ɗaya daga cikin tambayoyin da ake yi wa mai irin waɗannan alamu ita ce ko akwai makami a ɗakin kwana, sannan a nemi a cire harsashi, a kulle shi daban, mabuɗin ya zauna a hannun wani, saboda mai farkawa a firgice yakan yi 'yan daƙiƙu bai san inda yake ba. Na biyu iyali. Matarsa ta farko ita ta ga ciwon a kusa kafin kowa, ba a tambaye ta ba, ba a koya mata abin da za ta yi in ya zabura da dare ba, ba a kuma tanadar mata kariya ba. Ta biyun ya bar mata bashi. Ta kama aiki a wani asibitin 'yan mazan jiya a Los Angeles, ta yi shekara 35 tana karɓar sojojin da suka zo neman magani tana raka su wajen likita.